Kibiyar da Ta Ƙi Hannun Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina wancan?" In na shigo tsakar gida na tarar da shi zaune, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon garka, ni kuma ina kallon ƙasa. Kunya ce irin ta uba da ɗansa na fari, haka ubansa ya yi masa, haka ake yi a gidajen maƙwabtanmu a Madarumfa har gobe. Ƙanwata kuwa, autarmu, a kan cinyarsa ta girma, tana ja masa gemu yana dariya. Ni rabona da zama kusa da shi tun ban san kaina ba, kuma ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba.

Mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin makaranta a nan. Ya koyar a lakwal, wato makarantar boko, a Gabi, ya koyar a Safo, ya dawo cikin gari har ya ajiye alli ya koma lambunsa na bakin tabki. Mutum ne mai baki, mai tsokana, in ya zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar ba mai tashi sai an kira magariba. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, hannunsa na hagu. Tun yana rarrafe ya faɗa murhu, yatsun suka naɗe suka manne da tafin. Duk rayuwarsa cikin hannun riga yake ajiye shi, kuma rigunansa da gangan ake ɗinka su da dogon hannu. Yara da yawa sun gama lakwal a gabansa ba su san da zancen ba. A gida ma ba a kallon hannun nan, ba a maganarsa.

Hawan jini ya buge shi wata safiya yana ban ruwa. Masunta ne suka gan shi kwance a tsakanin fangalin albasa, suka ɗauko shi a amalanke. Muka yi jinya a asibitin Maraɗi, muka dawo da shi gida ɓarin dama ya mutu gaba ɗaya, harshe ma ya mutu. Likita ya ce hankalinsa na nan daram, baki ne kawai ya ƙi. Abin da ya rage masa na motsi a duniya shi ne hannun nan da ya kwashe shekaru yana ɓoyewa.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zo ta zauna da shi watannin farko, ita kuma ta samo dabarar. Alƙalami ba ya riƙuwa a hannun. Waya ta yi masa ƙanƙanta. Madannan ordinata, wato kwamfuta, in ya taɓa ɗaya sai uku su shiga tare. Amma a ƙasan madannan akwai ɗan farantin nan baƙi da ake shafawa kibiya ta yi yawo a kan gilashi, kuma shi yana iya shafa shi. Sai ta ɗauki tsohuwar ordinatata, ta fito da haruffa manya-manya a kan gilashin, ta saita yadda in kibiya ta tsaya kan harafi na ɗan lokaci sai harafin ya rubuta kansa. Aka ƙera masa ɗan tebur mai gajerun ƙafafu da ake ɗorawa a kan gado. Ko a nan ɗin ma da hannun riga yake rufe hannun, mai kallo gilashi kawai yake kallo.

Da wannan Baba ya dawo cikin mutane. Kalma ɗaya takan ɗauke shi lokacin da za a sha kofin shayi, amma tana fitowa, kuma tasa ce. Ya rubuta wa Inna cewa kununta ya fara kama da ruwan wanki. Inna tana karatu da kaɗan-kaɗan, shi ya koya mata, ta haɗa haruffan ta gama ta ce to ya tashi ya dama da kansa. Ƙaninsa, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ya karɓi aikin lambu, kuma kullum sai ya zo an karanta masa umarni, wane fangali za a dasa, wane za a bari ya huta. Makullin mangazar hatsi, ɗakin ajiyarmu, yana ƙarƙashin matashin Baba, ba a auna gero sai an tambaye shi. Sau biyar a rana Inna take yi masa alwala ta juya shi gabas. Da ƙanwata ta ga abubuwa sun daidaita sai ta koma ɗakin mijinta a Damagaram. Ni aikina sharji, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in kai ordinatar can kwalejin da nake koyarwa in cika ta da wutar hasken rana, in kawo in miƙa wa Inna a bakin zaure.

Ana shirin damina injin ya kwanta. Wani maƙwabci ya zo da kle ɗinsa, ɗan abin nan da ake cusa wa inji a kwashi abu, zai kwafi karatu, ya bar mana birus, cutar da ke kama injuna. Ordinatar ta fara nauyi, ta fara kashe kanta, wata rana ta ƙi tashi sam. Na kai ta wurin mai gyara a kasuwar Maraɗi, ya jujjuya ta ya ce sistem ɗin da ke ciki, wato manhajar da ke tafiyar da ita, ya ruɓe, sabon kuma ya fi ƙarfinta, tsohuwa ce, in yi haƙuri in nemi wata. Wani abokin aikina ya ce kar in saurare shi. Ya ba ni kle da wani sistem na kyauta, wanda masu ilimin abin daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, kowa na iya ɗauka, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara, kuma tsofaffin injuna suna ɗaukarsa. Yini ɗaya na zuba shi. Ordinatar ta tashi da sauri kamar ba ita ba, har na fara yabon kaina. Da na sa yatsa a faranti sai na ga kibiya ta kafe a tsakiyar gilashi. Na shafa, na danna, na goge da gefen riga, ko gezau.

Na ɗauki kwanaki a kan wannan. A gidanmu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an yi sa'a, don haka kullum in na tashi daga kwaleji sai in wuce gindin dogon yaron da ke bakin tasha, inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, in zauna a kan benci da waya a hannu ɗaya, ordinata a cinya. Ashe mutane da yawa a duniya farantinsu ya mutu bayan sun zuba irin wannan sistem, kuma kowa da maganin da yake rantsuwa da shi. Wasu da Faransanci suka rubuta, wasu da Ingilishin da nake tsinta da ƙyar. Akwai wata baƙar taga da ake buɗewa a rubuta wa injin umarni kai tsaye, in ka kuskure harafi ɗaya ta watsa maka magana ta yi shiru. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, sau da yawa na rufe murfin da ƙarfi har 'yan kabu-kabu suka juyo. A ƙarshe na gane sistem ɗin bai ma san akwai faranti a jikin injin ba. Sai da na ƙara wani ɗan layi a cikin fayil ɗin da ordinatar take karantawa in za ta tashi, na kashe ta na kunna. Na sa yatsa, kibiya ta bi ni.

Na dawo gida ina jin kaina. Na fito da haruffan manya-manya kamar yadda ƙanwata ta yi, na saita tsayawar kibiya, na gwada da yatsana na rubuta sunan garinmu tsaf. Na kira Inna na miƙa mata, na zauna a zaure ina jiran a aiko da sannu.

Ba ta jima ba ta fito da ita a hannu. "Ta ƙiya," ta ce. "Shina ta shahwa, kibiyar ba ta motsi."

Na karɓa na sa yatsa, kibiya ta zagaya gilashi. Na nuna mata. Ita ma ta sa nata yatsan, ta motsa. Ta koma ciki da ita, ta sake fitowa, fuskarta ta canza. Washegari haka, jibi haka. Na sake komawa Maraɗi wurin mai gyaran nan, ya shafa da yatsa ɗaya, ya shafa da biyu, ya ce Mushe wannan faranti ai ya fi na shagona lafiya. Na buga wa ƙanwata waya na faɗa mata. Ta tambaye ni ko na tabbata injin yana aiki, na ce mutum uku sun gwada. Sai na ji tana kuka. Ta ce irin wannan ciwon yakan sake bugu a ɓoye ba a sani ba, ya ci abin da ya rage.

Baba Ƙarami ne ya fara faɗin abin a fili. Ya zo da yamma, aka ɗora wa Baba tebur a gabansa, hannun riga ya yi ta kai da komo a kan faranti, gilashi bai nuna komai ba. Baba Ƙarami ya miƙa yatsansa mai kaushin fartanya ya ja, kibiya ta tafi. Ya girgiza kai.

"Injin lahiya lau yake," ya ce. "Yaya ne ya gaji. Mu dai mu yi haƙuri da abin da Allah ya kawo."

Ina bakin ƙofa daga waje lokacin, inda na saba tsayawa. Na ji Baba ya yi wani gurnani, na ji kofi ya faɗi. Na ɗauka ciwo ne.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa, ba a rana ɗaya ba. Masu dubiya suka koma yi masa irin tambayar da ake yi wa yaron goye. Mutum zai sunkuya a kansa ya ɗaga murya ya ce ka gane ni, wane ne ni, in ka gane ni ɗaga kai. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan karatu. Shi kuwa sai ya rufe ido, su kuma su juyo su ce wa Inna ai bai gane kowa ba. In ya fusata ya ture kwano, a ce ciwon ya taɓa kai. In hawaye ya zubo masa, a ce haka masu irin wannan lalurar suke yi, ba su san suna yi ba. A hankali aka daina yi masa magana, aka koma yin magana a kansa. Inna da ƙawarta suka zauna a bakin gadonsa suna tsince wake, tana ba ta labarin farin yadin da ta aika aka sayo daga Jibiya ta ajiye a ƙasan akwati, don kar ranar ta zo a shiga neme-neme. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta gaji ne, kuma ta yarda cewa ba ya ji.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Tabki ya cika ya shanye fangalin da ke ƙasa-ƙasa, sauro ya yi yawa, kuran yana zuwa yana tafiya. Ordinatar aka lulluɓe ta da ɗankwali aka ɗora kan akwati. Baba Ƙarami ya daina zuwa karɓar umarni, ya shuka abin da ya ga dama. Wata rana ya zo ya ce ya tambayi wani malami, an ce masa wanda hankalinsa ya gushe salla ta faɗi a kansa, don haka Inna ta daina wahalar da kanta. Inna tana fama da ciwon baya, ɗaga Baba da juya shi ba ƙaramin aiki ba ne ga mace mai shekarunta. Ba ta daina nan take ba. Ta asuba ta fara bari, sai ta isha'i, kafin gero ya fitar da kai buta ta daina shiga ɗakin sai don wanka.

Ranar makulli ce aka kira ni ciki. Na durƙusa a bakin ƙofa. Baba Ƙarami ya cusa hannu ƙarƙashin matashin Baba ya zaro makullin mangaza, ya miƙo mini, ya ce ni ne babba, gida ba ya zama ba mai aunawa. Baba ya ɗago hannun riga ya bugi gefen gado, ya sake bugu, bakinsa yana fitar da sautin da ba kalma a ciki. Baba Ƙarami ya ce kun gani ko. Na karɓi makullin na sa a aljihu idona a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, amma ɓacin ran wanda ubansa ya tafi ne ya bar gangar jiki, na riga na fara yi masa makoki yana kwance yana kallonmu.

Sai aka yi rasuwa a dangin Inna a Gabi. Ta tafi gaisuwa da sassafe, ta ce za ta dawo kafin azahar, in ba ta dawo ba in ba shi kunu. Kafin hantsi hadari ya haɗo, ruwa ya tsinke, na san hanyar Gabi ba za ta biyu ba sai ya ɗauke. Na yi ta zagaye a tsakar gida da kofin kunu a hannu, ina fatan wata maƙwabciya ta leƙo in ɗora mata. Ba wadda ta leƙo.

Na yi sallama na shiga. Ɗakin yana warin man zafi da danshi. Na tallafo shi na jingina da matashi, abin da ban taɓa yi ba, na ji ashe ya zama ba nauyi. Na riƙa ba shi kunun ina kallon cokali. Da ya ƙoshi ya kau da kai. Na tashi zan koma bakin ƙofa, sai na ga iska tana watso ruwa ta nan, dole na tura ƙyauren na dawo na zauna a ƙasa, a gefen gado. Ruwa yana ta dukan kwano, ni da shi ba mai abin cewa. Na saci kallonsa, na ga idonsa a kan akwati yake, kan ɗankwalin nan. Ya kalli akwatin, ya kalli bango, ya sake kallon akwatin. Na ce a raina ko ba komai zai rage mana wannan shirun. Na ɗauko ta, akwai sauran sharji, na ɗora masa tebur na kunna, na koma na zauna a ƙasa.

Daga inda nake zaune idona daidai yake da teburin. Da ya ɗago hannu, sai na hango ƙarƙashin hannun rigar. A ƙa'ida in kau da kai, kuma na fara kau da shi. Shi ne ya hana ni. Ya goga hannun a gefen tebur har rigar ta zame baya, ya bar shi a fili, ya juyo ya dube ni ido cikin ido. Ban san ranar da muka taɓa haɗa ido da shi ba kafin wannan.

Hannun ba shi da yatsan da zai miƙe. Dunƙule yake, fatar ta yi sulɓi da tabon wuta, kuma da gefensa yake shafa faranti, wajen da ya yi tauri, mai faɗi kamar bayan ludayi. Ya ɗora shi ya ja dama a hankali, ya ja hagu, ya ja sama. Motsin mai hankali ne, wanda ya san inda yake son zuwa. Kibiya ba ta motsa ba. Ya dube ni, ya sake yi, a hankali fiye da na farko, yadda yake maimaita wa ɗalibi mai taurin kai lissafi a allo.

Na matso na dunƙule nawa hannun, na ɗora gefensa a kan faranti na ja. Kibiya ta tsaya cik. Na miƙe yatsa na taɓa, ta tafi. Na sake dunƙulewa, ta tsaya. Duk wanda ya gwada injin nan, ni da Inna da mai gyara da Baba Ƙarami, da yatsa ya gwada. Ba wanda ya taɓa duba da me shi yake shafawa, don ba a kallon hannun nan. Ni da na zuba sistem ɗin, wanda ya kamata in zauna in ga yadda yake yi, a zaure nake gwajina in aika da ita ciki.

Na ce, "Baba, na gani." Ya ja hannunsa ya mayar cikin riga, ya rufe ido.

Inna ta dawo da yamma a jiƙe, ban faɗa mata komai ba, ina tsoron in ɗaga mata rai a banza. Washegari da safe na tafi gindin dogon yaro. Yanzu da na san abin da nake nema, ban sha wahala ba. Ashe da gangan aka yi shi. Masu rubutu da yatsu goma tafin hannunsu yakan gogi faranti kibiya ta yi tsalle ta ɓata musu aiki, sai wani mai kirki a wata ƙasa ya zauna ya koya wa sabon sistem cewa duk taɓin da ya fi kan yatsa faɗi kuskure ne, a yi banza da shi. Tsohon sistem bai da wannan wayon, shi ya sa yake karɓar hannun Baba. Na duba cikin saituna ban ga inda ake kashe shi ba, sai da na koma baƙar tagar nan, na buɗe wani fayil, na ɗaga adadin faɗin da injin zai yarda da shi har ƙarshe. Layi uku ne. Na kashe na kunna, na dunƙule hannu na ja, kibiya ta bi. Wani ɗan kabu-kabu ya ce yau Mushe dambe yake da injin. Ban iya yi masa dariya ba. Abin da ya cinye mana damina guda ban kai shan shayi ɗaya ina gyara shi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Bayan la'asar na shiga da ita da kaina. Inna tana ciki, Baba Ƙarami ma ya zo. Da ya ga abin da na riƙo ya ce, "Kai har yanzu ba ka haƙura da abin ga ba? Kar ka wahal da shi." Na ɗora tebur, na kunna, na fito da haruffa, na ja baya na durƙusa.

Baba ya daɗe yana kallon gilashin bai motsa ba, har na fara jin tsoro. Can ya ɗago hannun riga ya ɗora. Kibiya ta zabura ta yi gefe. Inna ta yi salati a hankali. Ya dawo da ita, amma da yake ya kwana biyu bai yi ba, ta wuce harafin da yake nema, ya sake dawo da ita. Harafi ya fito, wani ya biyo. Inna tana haɗa haruffan da leɓɓanta, na ga lokacin da ta gama haɗawa, ta sa gefen zane ta toshe baki. Baba Ƙarami bai yi lakwal ba. Ya dube ta, ya dube ni.

"Mi ya ce?"

Dole ni na karanta masa. "Ya ce, duk na ji."

Baba Ƙarami ya ce Alhamdu lillahi, Yaya, ashe kana nan, ya fara wani bayani a kan lambu da ruwan da ya yi yawa, maganar ta mutu a bakinsa. Inna ta fita, na ji ƙarar buta a bakin randa. Muka jira ko zai ƙara wani abu, ko faɗa, ko zagi, ni da zai zage mu da na fi samun sauƙi. Bai ƙara ba. Ya mayar da hannunsa cikin riga.

Faranti bai sake ba mu matsala ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya kai sanyin shekarar da ta biyo. Kullum ina cika ta da sharji, kullum tana kan tebur a gabansa. Yana rubutu in yana son ruwa, ko a juya shi, ko in lokacin salla ya yi. Bai sake tsokanar Inna a kan kununta ba, ko da ta dama shi tsararo da gangan don ya yi magana. Baba Ƙarami ya dawo yana zuwa kullum yana tambayar wane fangali za a dasa, ya zauna ya jira, ya tashi ba amsa. Ƙanwata ta zo daga Damagaram ta zauna a gefensa tana ba shi labari, ya rubuta mata sannu da hanya, shi ke nan.

Labari ya riga ya zagaya gari cewa hankalin Mushe ya tafi, kuma ni na ɗauki gyara wannan a kaina. In masu dubiya suka zo, tsofaffin ɗalibansa ko abokan zamansa na ƙofar masallaci, sai in yi sauri in kunna ordinatar in gyara masa tebur, in ce Baba ga su wane sun zo gaishe ka. Yakan dube su ɗaya bayan ɗaya, ya dubi gilashin, ya bar hannunsa cikin riga. Su zauna kaɗan, su yi addu'a, su tashi. In raka su zaure ina rantse musu cewa yana ji, yana ganewa, ɗazu ma ya yi rubutu. Sai su dafa kafaɗata, su dube ni da tausayi, su ce Allah ya ba ni haƙuri.